Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin garin Brattleboro: kogin nan yana da suna tun kafin 1724

Masu girma 'yan majalisar garin Brattleboro, da dattawan da ke kula da tarihin gari, da jami'an jihar Vermont ta Amurka masu kafa koren allon nan mai rubutun ruwan gwal a bakin hanya, ranku ya daɗe. Ina gaishe ku gaisuwa ta girmamawa, ya aiki, ya haƙuri da jama'a, ya kuma sanyin bana.

Ni baƙo ne a garinku, shekarata shida a nan, asalina mutumin Yawuri ne a jihar Kebbi ta Najeriya, aikin dare nake yi a wani sito, ina da mata da yara uku, biyu a nan aka yi musu rajistar makaranta tun daga ajin farko. Ina rubuta wannan ne a madadin wasu 'yan gidaje namu masu jin Hausa da ke zaune a kudancin Vermont da tsallaken kogin Connecticut, ba mu da yawa, ranar sallah falo ɗaya ya ishe mu, akwai 'yan Najeriya akwai 'yan Nijar akwai iyali ɗaya daga Kumasi. Da Hausa na fara rubutawa don mutanenmu su karanta su gyara min kafin mu mai da ita Turanci mu kawo muku hannu da hannu. Kuma tun da wuri bari in faɗa, ba da bakin Abenaki, wato 'yan asalin yankin nan tun kafin zuwan Turawa, nake magana ba, ba su aike ni ba, suna nan da ransu kuma suna da bakinsu. Ni dai uba ne da 'yarsa ta yi masa tambaya a bakin hanya ya rasa inda zai nuna mata amsa.

Ga yadda abin ya faru. Babbar 'yata mai shekara goma aka ba su aikin gida kan tarihin gari, ta ce Baba kai ni in ga inda aka ce garin ya fara. Ranar Asabar ce, ƙanƙara ta fara narkewa ta zama caɓi, muka bi hanyar Vernon har muka iske dutsen nan na tunawa da sansanin Fort Dummer. Na raɓe da mota a gefe, manyan motoci na wucewa suna watsa mana ruwan gishiri, hannuna ɗaya riƙe da hular rigarta don kar ta matsa kan titi, ita kuma tana kwafar rubutun a littafinta yatsunta duk sun ƙage don sanyi. Da ta gama ta ɗago ta ce min, to Baba sansanin soja ai don wasu ake gina shi, su wa ake tsoro, kuma ina gidajensu suke? Wallahi na waiga hagu na waiga dama ban ga abin da zan nuna mata ba. Wannan tambayar ce ta sa na shafe watanni ina karatu a laburare bayan na tashi daga barcin rana, kuma abin da na samo shi ya sa na kasa yin shiru.

Koke na farko shi ne inda ake ɗora farkon labarin. Kowa a garin nan ya haddace cewa a 1724 gwamnatin mulkin mallaka ta Massachusetts ta gina Fort Dummer, aka sa masa sunan muƙaddashin gwamna William Dummer, Timothy Dwight ne kwamandansa, kuma shi ne mazaunin Turawan Ingila na dindindin na farko a ƙasar da yau ake kira Vermont. Duk gaskiya ne, ba ni da ja. Amma fa masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa sun nuna mutane na zaune a yankin nan sama da shekara 10,000. Nan tsallaken kogi a Hinsdale akwai tudun da ake kira Fort Hill, inda Sokoki, wato reshen Abenaki na wannan kwarin, suka kafa gari mai shinge a 1663, suna noman masara suna da rumbunansu, har mayaƙan Iroquois, wata al'umma daban ta 'yan asalin ƙasa, suka kawo musu hari a ƙarshen shekarar suka kasa cin garin. Shekara 60 ke nan kafin a sari itacen farko na Fort Dummer. Kogin da muke kira Connecticut a bakinsu Kwenitekw ne, dogon kogi, kuma inda kogin West ya zubo cikinsa, nan bayan gari inda muke kai yara kallon agwagi, sunansa Wantastegok. Tsaunin da ke tsaye a gabanmu kullum safiya, Wantastiquet, sunan nan ne baki ya tauna ya canza. Mutum zai yi shekara ashirin yana kallon dutsen yana kiran sunansa bai san da harshen wa yake magana ba.

Idan ka duba sunayen da suka samu gata kuwa, Dummer yana da wurin shaƙatawa na jiha, yana da gari guda Dummerston, yana da dutsen tunawa. Shi wannan Dummer yana cikin waɗanda suka samu kaso a filin nan bayan gwanjon filayen da aka yi can garin Hartford a 1716. Garin kansa a 1753 gwamna Benning Wentworth na New Hampshire ya ba shi takardar kafuwa aka sa masa sunan William Brattle, mutumin da ko shaidar ya taɓa taka garin babu. Ban ce a kankare sunan kowa ba. Abin da nake cewa shi ne yaron da ya tashi yana karanta waɗannan sunaye kaɗai zai ɗauka daji ne fayau babu kowa sai da Bature ya iso, kuma dama shekara da shekaru haka littattafan tarihin Vermont suka riƙa koyarwa, wai 'yan asalin ƙasa wucewa kawai suke yi ta nan suna farauta ba zama suke ba. Masana sun daɗe da watsar da wannan magana amma bakin hanya bai gama jin labari ba tukuna.

Wannan ciwon na san shi tun ina ɗan firamare, shi ya sa ya taɓa ni haka. A aji malam zai tambaya wa ya gano kogin Neja, mu amsa baki ɗaya Mungo Park, idan ka rubuta wani abu daban an kayar da kai. Alhali kogin nan da muke kira Kwara a bakinsa aka haife ni, kakannina a cikinsa suke su, a cikinsa suke wanka, shi Mungo Park ɗin ma ta Yawuri ya wuce kafin ya halaka a Bussa a 1806, mutanen da suka sayar masa da abinci a hanya su ba su gano komai ba ke nan. Na girma kafin na gane abin da wannan amsar ta yi mana a zuciya, ta koya mana cewa abu ba ya zama abu sai baƙo ya gan shi ya rubuta. Ba na so 'ya'yana su haddace irin wannan amsar a kan mutanen wasu, a ƙasar da ta karɓe mu.

Koke na biyu shi ne yadda Abenaki suke fitowa a labarin idan ma sun fito, kusan kullum a matsayin maharan da ake tsoro. Eh, a watan Oktoba na 1724 mayaƙan Abenaki wajen 70 sun kai wa sansanin hari sun kashe sojoji, kuma Grey Lock, jagoran mayaƙan Abenaki da ke can Missisquoi a arewa, ya addabi garuruwan Turawa irin su Northfield. Amma wanda zai faɗi wannan ya kamata ya faɗi sauran. A shekarar nan dai, watan Agusta, sojojin Ingila suka afka wa garin Abenaki na Norridgewock a Maine suka kashe mutane da dama har da mata da yara da limamin cocinsu Sébastien Rale. A lokacin yaƙin nan gwamnatin Massachusetts tana biyan fam 100 kan fatar kan namiji ɗaya ɗan asalin ƙasa da aka kashe. Ruwa ba ya tsami banza, mutanen nan gonakinsu da wuraren kamun kifinsu ake ci gaba da mamayewa. Kuma ko a cikin sansanin akwai 'yan asalin ƙasa da ke aiki tare da sojojin, sannan bayan an yi sulhu wurin ya koma kasuwa a 1728, ana kawo fatu ana musaya. Duk wannan yana cikin littattafan da ke laburaren garinku, ni ban ƙirƙiro komai ba, abin da ya rage shi ne ya fito waje inda mai wucewa zai gani.

Koke na uku shi ya fi min nauyi, zan ɗan daɗe a kansa ku yi haƙuri. Wani hunturu na bi wani maƙwabcina dattijo zuwa Retreat Meadows inda ruwa ke daskarewa mutane su kafa 'yan bukkoki suna huda ƙanƙara suna kamun kifi, ni da ban taɓa taka ruwa da ƙafa ba ina ta addu'a a zuci. Muna zaune kan bokiti yana zuba min shayi daga fulas sai ya nuna can wajen bakin kogin West da haɓarsa ya ce, ka san akwai zane a jikin dutse a ƙarƙashin ruwan can, na mutanen da. Ya ce da nan duk fadama ce ana noma, dam ɗin Vernon da aka gama a 1909 shi ya ɗaga ruwa ya shanye fadamar, ya shanye dutsen mai zanen tsuntsaye, ya kuma shanye ainihin inda Fort Dummer yake, shi ya sa ma dutsen tunawar ba a wurin sansanin yake ba. Daga baya na karanta cewa wata mata mai nutso ta shafe shekaru tana laluben zanen cikin laka har ta samo ɗaya a 2015.

Shayin nan ban iya ƙarasa shi ba. Kakata ta wajen uwa daga Gungawa take, mutanen tsibiran Kwara, kuma lokacin da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 ruwa ya ci tsohuwar Bussa ya ci tsibirai da ƙauyuka, aka kwashe dubban mutane aka kai su sababbin gidaje. Ina yaro na taɓa shiga kwalekwale da ita, muna tsakiyar tafki ba tudu ba bishiya sai ta ce wa mai tuƙi ya dakata, ta sa hannu a ruwa ta ce nan ne, nan tsamiyar ƙofar gidanmu take, can kuma kabarin babana. Ni ban ga komai ba sai ruwa. Ta rasu yanzu, Allah Ya jiƙanta, kuma duk duniya ban san wanda zai iya sake nuna wannan wurin ba, ni kaina ba zan iya ba. To shi abin da ruwa ya rufe ba shi da mai tsaron sunansa sai bakin mutane da abin da aka rubuta a tudu, idan tsofaffi suka tafi kuma tudu bai ce komai ba shi ke nan. Sansanin da ruwa ya ci an ciro sunansa an ɗora a kan dutse a bakin hanya tun tuni, to zanen da ruwa ɗaya ya ci a shekara ɗaya fa?

Yabon gwani ya zama dole, ba zan ce ba a yi komai ba. Garin nan ya amince da ranar 'yan asalin ƙasa tun 2017 kafin jiha ta mai da ita doka a 2019. A 2020 an kafa allo mai ɗauke da sunan Wantastegok a gonar Retreat Farm tare da ƙungiyar Abenaki ta Elnu, na je na gani na ji daɗi, a ranar na fara jin yadda sunan yake. A shekarar dai jiha ta yi doka cewa idan za a sabunta allunan wuraren shaƙatawa na jiha a sa sunan Abenaki na wurin. Waɗannan abubuwa ne masu kyau. Sai dai allo ɗaya a gona ɗaya ba zai ɗauki nauyin gari duka ba, wanda ya sauka daga jirgin ƙasa ya bi babban titi ya leƙa kogi ya koma, ko irinmu da aiki ya hana mu yawo, zai iya shekara bai taɓa cin karo da shi ba.

Yanzu ga abin da muke roƙo, kuma roƙo ne na masu ƙaunar garin.

Muna roƙon a kafa allo na biyu kusa da dutsen Fort Dummer, kar a taɓa dutsen, shi ma ya zama tarihi. Allon ya amsa tambayar 'yata, su wa aka gina sansanin dominsu, me ya haɗa su faɗa, ina suka zauna, ina suka nufa. A kuma gyara wurin tsayawa ko da na mota biyu ne da ɗan shinge, don uba ya iya sakin rigar 'yarsa ta karanta cikin natsuwa. Tunda wurin shaƙatawa na Fort Dummer na jiha ne ba na gari ba, muna roƙon majalisar gari ta rubuta wa jiha ta nemi sunan Abenaki ya fito a ƙofar shiga yadda dokar 2020 ta tanada, manya-manyan baƙaƙe, ba a ƙasa can inda ciyawa za ta rufe ba.

Muna roƙon allo a cikin gari inda ake ganin kogi, da wani a hanyar ƙafa ta bakin kogin West, sunan Kwenitekw da Wantastegok a sama, na Turanci a ƙasa. A faɗi cewa akwai zane a ƙarƙashin ruwa, a faɗi abin da dam ya yi, har da kifin salmon da shad da mutanen nan suka dogara da su waɗanda dam ɗin Turners Falls, can kudu a kan kogin Connecticut, ya tare wa hanya tun 1798. Amma kar a nuna takamaiman inda zanen yake sai masu shi sun yarda. Kun fi ni sanin abin da ya sami zanen dutse na garin Bellows Falls nan arewa da mu, inda a shekarun 1930 wasu masu kyakkyawar niyya suka sa aka sake sassaƙa shi don ya fito sosai, aka lalata asalin hannun da ya yi shi. Ni Musulmi ne, addinina daban da nasu, amma na san wurin da mutane ke girmamawa ba wurin ɗaukar hoto da hawa da takalmi ba ne.

Babban roƙon shi ne wanda zai rubuta kalmomin. Ba a yi wa mutum aski ba ya nan. A kira Abenaki su zauna a teburin tun ranar farko, ba sai an gama rubutu a aika musu su sa hannu ba, kuma a biya su kuɗin lokacinsu yadda ake biyan injiniya da mai zanen allo. Na san nan akwai sarƙaƙiya kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Jihar Vermont ta amince da ƙungiyoyi huɗu a matsayin Abenaki, Elnu da Nulhegan a 2011, Koasek da Missisquoi a 2012, su kuma Abenaki na Odanak da Wôlinak a Quebec ta Kanada, inda da yawa daga mutanen kwarin nan suka yi hijira, kuma inda Robert Rogers, wani kwamandan sojan Ingila, ya kai hari ya ƙona garin Odanak a 1759, sun fito fili suna ƙalubalantar wannan amincewar. Wannan magana ce mai zafi kuma ba baƙo irina zai raba ta ba. Abin da nake tsoro shi ne a mai da saɓanin hujjar naɗe hannu a ce sai sun shirya tukuna, shekara goma ta wuce allo bai tashi ba. A rubuta wa kowane ɓangare takardar gayyata, a saurari kowa, abin da duk suka yarda da shi kamar sunan kogi da tarihin Sokoki da shekarun yaƙi a fara da shi.

Sannan don Allah a kula da yadda ake jera maganar. Kar allon ya ce sun kasance, sun zauna, sun tafi, ya tsaya nan kamar ana karanta ta'aziyya. Ya faɗi cewa suna nan yau, suna koyar da harshensu, suna saƙa kwandunansu na itacen ash, suna da yara a makaranta kamar nawa.

Akwai ƙaramin roƙo da mu za mu iya sa hannu a ciki. A sa 'yar alamar nan da ake haskawa da waya a jikin kowane allo, mutum ya ji muryar mai harshen yana furta sunan, don ni kaina wata uku ina kiran Wantastegok ba daidai ba. Garin nan ya karɓi iyalai daga Afghanistan tun 2022 da wasu daga ƙasashe daban-daban, da yawansu Turancin allo zai yi musu tsauri, kuma yawancinsu sun san abin da ake nufi da barin gida dole fiye da yadda allo zai iya faɗa. Mu mun ɗauki alkawarin fassara rubutun zuwa Hausa da Faransanci kyauta, matar ɗan'uwanmu na Nijar malamar makaranta ce a Maraɗi kafin su zo, ta ce ita za ta duba Faransancin. A kuma ware ɗan kuɗi a kasafin gari na kowace shekara don wanke allunan da gyara su, saboda gishirin hunturu da rana ba sa barin rubutu, kuma makarantu su riƙa kai yara wuraren da ƙafa ko sau ɗaya a shekara.

'Yata ta miƙa aikin gidanta, a ƙarshen shafin ta rubuta tambayarta yadda ta yi min ita, malamarta kuma ta yi mata alkawarin za su nemo amsar tare, na gode mata. Mu kuma in Allah Ya yarda za mu zo zaman majalisar gari da wannan takarda a hannu, mutum shida ne suka ce za su samu fita daga aiki, muna roƙon a sa maganar allunan a jerin abin da za a tattauna, a kuma sanar da mu ranar da wuri don masu aikin dare su nemi canji.

Na gode da lokacinku, Allah Ya taya ku riƙo.

Naku cikin girmamawa,
Wani mazaunin Brattleboro ɗan asalin Yawuri, a madadin iyalai masu jin Hausa na kudancin Vermont da kewaye.